Wa Ya Ba Ta Ruwa?

Ni ba mai yawo ba ce, ɗinki nake yi a gida. Amma duk wadda ta taɓa zama da yara biyu a ɗaki da falo a hawa na uku ta san in ƙarfe huɗu ta yi dole ta fitar da su, in ba haka ba su fitar da ita daga hayyacinta. Shi ya sa kullum nake rufe keke in tasa Babba da Auta a gaba mu tafi filin wasan unguwarmu. Sunan fili dai gare shi. Lilo uku ne, ɗaya sarƙarsa ta tsinke, sai abin zamiya da rana ke gasawa, da ramin yashi, da benci huɗu. Akwai banɗaki a kusurwa, amma tun da na tare a unguwar da kwaɗo na san shi.

A bencin da ke kusa da banɗakin nan take zama. Tsohuwa ce 'yar firit, tsaf da ita, hannun hagu a naɗe kan cinya, ƙafar hagun ma ba ta motsi. Yara Kaka suke ce mata, mu ma muka bi. Jikokinta biyu sukan zo da kayan makaranta, su watsar da jakunkuna a gefenta su ruga lilo. Ƙarfe shida kuma sai ga ɗanta a mota, wani dogo mai ƙamshin turare da ake kira Manaja. Ya durƙusa, ya ɗauke ta cak, ya kai ta kujerar baya.

Matan da muke zama tare sukan bi shi da ido su ce, "Kai, wannan ɗa! Allah ya ba mu irinsa." Ni ma na sha cewa amin. Har yau in na tuna da amin ɗin nan sai in ji kamar in je in wanke bakina.

Wata Talata aka ɗauke wuta tun da sassafe, keke ya tsaya. Auta ba ta fara makaranta ba, ta ishe ni da ƙorafi, na ce taso mu je lilo ko na huta. Ƙarfe tara ba ta cika ba muka shiga filin. Ba kowa, sai tsohon mai gadi yana shara, sai Kaka a bencinta.

Na gaishe ta, na ƙarasa wajen mai gadi.

"Baba, yau da wuri aka kawo Kaka?"

"Wane da wuri? Kullum haka ne. Bakwai da rabi, yana sauke yara a makaranta yake ajiye ta. Ni nake buɗe masa ƙofa."

"Har shida?"

"Har shida. Ban da Asabar da Lahadi."

"To abinci fa?"

Ya nuna min da haɓa. Leda ce a gefenta, da guntun biredi a ciki, ta ɗan gutsuri gefe ɗaya ta bari. Na duba ƙarƙashin benci, na duba bayansa, ban ga gora ba, ban ga kofi ba.

Na zauna kusa da ita muna 'yar hira. Maganarta tana jan ƙafa amma ana ji sarai. Ta tambaye ni sana'ata, ta kama bakin rigar Auta ta juya, ta ce layin ɗinkina ya miƙe amma ina ƙyashin zare. Na yi dariya, don gaskiya ta faɗa. Can Auta ta dawo da gudu tana haki, ta ɗauki gorarmu ta kafa kai. Kaka ta bar maganar da take yi, idonta na kan gorar, maƙogwaronta yana hawa yana sauka tare da na yarinyar, alhali babu komai a bakinta.

"Kaka, ki sha mana."

Ta waiga hagu, ta waiga dama, kamar wadda aka miƙa wa kayan sata. Sannan ta karɓa da hannun nan mai lafiya. Wallahi ban taɓa ganin shan ruwa irin wannan ba. Ba ta sauke ba sai da gorar ta lotsa. Na je famfon kan titi na ciko, ta shanye rabi. Ta sa min albarka har na ji kunya, na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Da yamma muka dawo, na same ta ta sunkuyar da kai, zaninta ya yi duhu daga ƙugu zuwa ƙasa, yashin ƙarƙashin benci a jiƙe, ƙudaje suna ta kai-komo. Yara sun yi da'ira a nesa suna tuntsira dariya. Jikanta na cikinta, babban, shi ne ya toshe hanci yana cewa, "Kaka ta sake! Kaka ta sake!" Na daka musu tsawa suka watse. Na cire mayafina na rufa mata a cinya. Matan benci kuwa kowace ta ja ɗanta ta koma can gefen lilo, wai iska ta juyo.

Manaja ya iso shida daidai. Tun daga nesa ya rage tafiya. Bai tambayi lafiyarta ba, bai ma kalli fuskarta ba.

"Wa ya ba ta ruwa?"

Na ce, "Ni ce."

"Baiwar Allah, wa ya aike ki?"

"Sai an aiki mutum kafin ya ba mai ƙishirwa ruwa?"

"Kin san ciwonta ne? Mu muna da tsarinmu. In an koma gida da yamma a ba ta kofi ɗaya, a kai ta banɗaki, a wuce wurin. Yanzu ga shi kin zo kin dagula komai. Likita ne fa ya ce ta riƙa shan iska."

"Likitan ya ce ta sha iska, bai ce ta sha ruwa ba?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi tsaki. Ya buɗe bayan mota ya zaro wata ƙatuwar leda, ya shimfiɗa a kujera, ya gyara kusurwoyinta da kyau. Ledar ma a ninke take tsaf, ka san an saba da ita. Yau bai durƙusa ba. Ya sa hannu a hammatarta ya ɗaga ta nesa da rigarsa, fuskarsa a juye, ƙafarta tana jan yashi. Ita kuma tana ta cewa, "Yi haƙuri, Babana. Yi haƙuri."

Washegari na zo da gora biyu don haushi. Ta ga gorar, ta kau da kai.

"A'a, 'yar nan. Na ƙoshi."

"Kin ƙoshi da me, Kaka? Dubi leɓenki."

Ta ce a hankali, "Jiya ba a ba ni na yamma ba. An ce na riga na sha rabona."

Na fara zagi, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Kada ki zage shi a gabana. Ba laifinsa ba ne. Motar ta ofis ce, in ta yi wari da shi za a yi faɗa. Yana ƙoƙari."

Da na gaya wa maigidana, ya ce, "Ke kin cika shiga abin da ba naki ba. Uwarsa ce, ya fi ki son ta." Na ce to, in haka so yake, Allah ya raba ni da shi. Ranar Alhamis na bar Auta wajen maƙwabciya, na tambayi gidan Manaja, na tafi.

Gida ne mai kyau, a hawan ƙasa, da allo a ƙofa an zana kan mace. Ashe matar Manaja gyaran gashi take yi a falo. Madam suke ce mata. Na tarar da mata huɗu, ɗaya kanta a cikin injin busarwa, ɗaya ta kwantar da wuya a bakin baho ana tsiyaya mata ruwa, kumfa na bi ta rariya. Ɗakin da ke kusa da falon an cire masa ƙofa an jera madubai. A lungun da ke zuwa kicin na hango 'yar katifa a naɗe cikin leda, an jingine ta da bango, da sandar tsohuwa a gefe.

Madam ta yi zaton kai na kawo. Da ta ji abin da ke tafe da ni, ta ja ni bakin ƙofa tana murmushi don kwastomominta, amma muryarta ƙasa-ƙasa.

"Au, ke ce mai ruwan? Sannu da taimako. Kin san wa ya wanke zanin nan? Ni. Da hannun nan da nake taɓa kan mutane."

"To ki bar ta a gida mana, ga banɗaki kusa."

"A gida? Ki dubi wurin nan. Mace ta zo gyaran kai ta shaƙi zarni, gobe za ta dawo? Mun gwada, 'yar'uwa. Wata biyu muka yi, mata suka gudu. Can kuwa ga inuwa, ga yara, tana ganin jama'a. Wasu tsofaffin ma a kulle suke a ɗaki."

"Akwai ƙunzugun manya a kantin magani."

"Wa zai cire mata? Ni?" Ta nuna min farcenta, dogaye, an shafe su ja. "Ɗan da ta haifa bai taɓa wanke ta ba ko sau ɗaya, sai ni da aka auro? Tana da 'ya mace a wani gari, kullum sai waya, 'Yaya jikin Mama?' Ki je ki yi mata wa'azin. Kuma ai ba hana ta ruwa muka yi ba, lokaci muka sa mata. Ko jariri ana sa masa lokaci."

Daga ciki wata ta ce ruwan ya huce, a ƙaro mai ɗumi. Madam ta amsa da fara'a, ta rufe min ƙofa a fuska.

Zan faɗi gaskiya, ba duk maganarta ce ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Kowa a gidan nan yana da hujjarsa, mai kyau, a goge.

Na gwada abin da zan iya. Na roƙi mai gadi makullin banɗaki, ya ce rabonsa da ganinsa shekara biyu, yana ofishin masu kula da filin. Na je ofishin, aka ce mai makullin ya yi tafiya, kuma ma bututun ya fashe. Na yi tunanin in kai Kaka gidana, to hawa na uku ne, wa zai hau da ita? Na zauna na ɗinka mata ƙunzugu mai kauri daga ragowar yadi da tsohon tawul, guda uku, na kai mata da bokiti da babban zani. Na ce zan sa a kare mu a bayan bishiya, ba mai gani. Na nemi mace ɗaya cikin matan benci ta riƙe min gefen zanin. Ɗaya ta ce bayanta na ciwo. Ɗaya ta ce, "Ke dai kina neman rigima. In ta faɗi a hannunki fa?" Mai kantin kayan shafa, wadda ta fi kowa yabon Manaja, ta ce wurin wasan yara ne, bai kamata a mayar da shi masai ba.

Kaka tana jin su. Ta tura min ƙunzugun da hannunta.

"Mayar da abinki, 'yar nan. Ɗinkin ya yi kyau. Amma ba za a tuɓe ni a filin Allah ba, ina da jikoki a nan."

Daga nan kullum sai ta ƙara lalacewa. Biredin ya daina raguwa, don ba ta da yawun da za ta haɗiye shi. Leɓenta ya tsage, in ta yi magana sai jini ya ɗan fito. Idonta ya faɗa ciki. Wata rana na ga tana ta tsotsar wani abu, na duba, maɓallin rigarta ne ta tsinke ta sa a baki. Wani wari ya fara tashi daga jikinta, ba na fitsari ba, wani mai nauyi da ban san sunansa ba. Na koma yaudara: in kawo lemo in ɓare, in ce ai wannan ba ruwa ba ne. Ta karɓi ɓari ɗaya, biyu, sai ta ce ya isa, shi ma yana sauka. Na jiƙa hankici na shafa mata a baki, wannan kaɗai take yarda da shi, ta lumshe ido tana tsotsa.

Na tare Manaja sau biyu. Na farko ya ce zai duba. Na biyu ya ce in na sake tsayar da shi a gaban yaransa zai haɗa ni da mijina. Ya ce, "Ga ki nan kullum da gora. Ta karɓa? To ni zan ɗura mata?"

A sati na biyar ta fara ruɗewa. Ta kira ni da sunan wata da ban sani ba, ta tambaye ni ko na kwashe shanya. Na gaya wa mai gadi, ya girgiza kai ya ce tsufa ne. Ni ma na so in yarda tsufa ne, don na gaji. Kwana uku na yi ban je filin ba, ina fama da kayan wata amarya da ta matsa min. Wannan kwana ukun ina ɗauke da su har gobe.

Ranar da na koma, rana ta yi zafi ƙwarai. Kaka tana zaune yadda ta saba, kanta ya karkata gefe. Ƙwallon Auta ya gangara ya tsaya a ƙafarta. Da can takan tura mata shi da ƙafar dama tana tsokanarta, "Zo ki ɗauka, amaryar mai gadi." Yau ba ta motsa ba. Auta ta dawo ta ce min, "Mama, Kaka tana barci ido a buɗe."

Jikinta zafi kamar dutsen guga. Na ƙwala wa mai gadi kira, ya tare mana tasi, muka ɗauke ta. Wallahi Babba ɗan shekara bakwai ya fi ta nauyi. Matan benci sun taso kam, sun yi cirko-cirko suna salati, ɗaya ma ta riƙe min jaka.

A asibiti likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta kama fatar hannun Kaka ta ja ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta buɗe bakinta ta duba, ta dube ni.

"Ke ce 'yarta?"

"A'a. A filin wasa na san ta."

"Rabon matar nan da ruwa ya daɗe. Ƙodarta ta kusa tsayawa."

Aka sa mata ƙarin ruwa. Bayan awa ɗaya Manaja ya shigo da gudu, Madam na biye, idonsa jawur. Kuka yake yi, kuma ba na ce na ƙarya ba ne. Likita ta maimaita masa abin da ta gaya min.

Ya ce, "Likita, ba ta son ruwa. Mun yi, mun yi, ta ƙi. Ga ma shaida nan." Ya nuna ni. "Baiwar Allah, tsakaninki da Allah, ba kullum kike kai mata gora ba? Ta karɓa ko ta ƙi?"

Na ce, "Ta ƙi. Ta ƙi ne saboda ranar da ta sha..."

"Kin ji ko, likita? Ta ƙi."

Na ɗaga murya na faɗi sauran, duka, daga bakwai da rabi har kofi ɗaya, har ledar mota. Madam ta ce a fitar da mahaukaciyar nan. Likita ta saurare ni har ƙarshe, ta yi rubutu a takarda, ta ce za ta sanar da waɗanda abin ya shafa. Ko ta sanar, ko ba ta sanar ba, ni dai ban ga wanda ya zo ba.

Washegari da hantsi na koma dubiya. Kaka ta farfaɗo, ta gane ni. Amma na tarar an ɗaure hannunta na dama da bandeji a jikin ƙarfen gado. Na tambayi nas dalili. Ta ce, "Sau biyu tana fizge allurar. Mun gaya mata an sa mata robar fitsari, ba abin da zai zuba, ba ta ji."

Na zauna a bakin gadon. Kaka ta kalli ledar ruwan da ke rataye, ta bi siririn bututun da ido har hannunta. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"'Yar nan, ke mai jin magana ce. Rufe min abin nan."

"Kaka, magani ne."

"Ruwa ne, ina gani. Leda ta uku ke nan. Gadon mutane ne, dubi farin zanin. In Babana ya zo ya tarar..."

Na riƙe hannun nan da aka ɗaure. Na fita baranda na yi amai a kwata. A kwana na huɗu da rana Kaka ta rasu.

Bayan wata guda mai gadi ya gaya min za a yi taro a filin ranar Asabar. Na zo na tarar an kafa rumfa, an jera kujeru. A kusurwa, daidai inda bencinta yake, an cire bencin an gina wurin shan ruwa: tanki a sama, famfo uku masu ƙyalli, ɗaya an yi shi ƙasa-ƙasa don yara. An manna farin dutse an rubuta cewa ɗanta ne ya gina don tunawa da mahaifiyarsa. Banɗakin yana nan da kwaɗonsa, an dai shafa masa sabon fenti don hoto.

Manaja ya yi jawabi. Ya ce mahaifiyarsa tana ƙaunar wurin nan, kullum ita ke roƙo a kawo ta. Ya ce ba ya son wani yaro ya sake jin ƙishirwa a filin nan. Muryarsa ta karye, Madam ta dafa shi. Aka yi tafi. Mai kantin kayan shafa ta share hawaye ta ce, "Ya yi mata a raye, ya yi mata a mace."

Ina tsaye a baya, riƙe da hannun Auta. Ban san ya gan ni ba sai da ya buɗe famfo, ya cika kofi, ya ratso mutane ya nufo ni.

"Wannan baiwar Allah ita ta kai Mama asibiti. Mun ɗan sami saɓani, amma komai ya wuce. Ita za ta fara sha."

Aka sake tafi. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Na karɓi kofin, ruwa mai sanyi, har gefensa ya yi raɓa. Na dube shi, yana murmushi, ya tabbata ba zan iya cewa komai ba a gaban jama'a. Ya yi gaskiya, na riga na faɗi duk abin da nake da shi a asibiti, bai amfana wa kowa komai ba. Sai kawai na tuttule masa kofin a gaban wando.

Farin yadi ne, ruwan ya bi cinyarsa yana gangarawa. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta make masa baki.

Kafin ruwan ya kai gwiwarsa, mutum biyar sun miƙo masa hankici. Mai ciwon baya ta ruga ta ɗauko tawul a jakarta. Mai kantin kayan shafa ta cire mayafinta, ita da wata suka kama gefe-gefe suka kare shi daga idon mutane, suna ta cewa, "Sannu, Manaja. Yi haƙuri, Manaja." Wani ya kawo kujera. Wani ya ce a kira mijina. Ban taɓa sanin matan nan suna da sauri haka ba.

Na tsaya na kalle su sosai, ɗaya bayan ɗaya, don kada in manta fuskar kowa. Sati biyar tsohuwa tana bushewa a gabansu, ba a sami mai riƙe min gefen zani ba.

A unguwa yanzu ni ce marar tarbiyya. Mata biyu sun aiko an karɓe musu yadinsu ba a ɗinka ba. Maigidana ya je ya ba da haƙuri ba da sanina ba, kuma Manaja, an ce, ya yafe min. Filin kuwa ban fasa zuwa ba, don yara ba su yi laifin komai ba, hawa na ukun ma bai ƙara faɗi ba. Auta takan ruga famfon nan ta kafa baki, ba na hana ta. Ni dai ko ƙishirwa za ta kashe ni, sai na koma gida nake sha.